Matambayi Ma Yakan Ɓata In Ya Tambayi Baƙo

Yau ina so in ɗan kauce daga labaran majalisa da na kasuwa waɗanda kuka saba gani a wannan fili, in ba ku labarin wani dare da na kusa jawo wa jaridar nan abin kunya da hannuna. Shekaru sun shuɗe, waɗanda abin ya shafa sun yafe, har ma ya zama abin ba'a a ofis. Saboda haka babu laifi in na fito da shi sarari, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Ni dai ɗan jarida ne, abin da na karanta ke nan, difloma a kan aikin watsa labarai. Ba a koya mana komai game da kwamfuta ba in ban da buga rubutu da tsara shafi. Amma kowane ofis yana da mutum guda wanda in firinta ta ƙi aiki sai a ce a kira wane. To a teburin Hausa na ofishinmu da ke Ikko, ni ne wanen nan. Abin da ya ba ni wannan sarauta kuwa ƙuruciya ce da karambani, don kuwa sanin da nake da shi duk na tsince-tsince ne.

Bari in fara da abin da ya kai ni ga karambanin. Duk wanda ya taɓa rubuta Hausa da boko ya san muna da baƙaƙe masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda babu su a allon rubutun da Turawa suka ƙera domin harshensu. Wasu suna ɗaukan lanƙwasar nan ado ce kurum, alhali kuwa ita ta raba ƙafa da kafa, ta raba baƙi da baki, ta raba ƙare da kare. Editanmu na lokacin, wani dattijo da ya fara aiki tun zamanin da ake jera baƙaƙen dalma da hannu, bai taɓa yarda jaridarsa ta fita da ƙ ko guda ba tare da lanƙwasarta ba. Yakan ce wanda ya fitar da kuɗinsa ya sayi jarida bai kamata kuma a bar masa aikin cankar ma'ana ba.

A cikin 2016 na sami wata manhaja ta kyauta mai suna Microsoft Keyboard Layout Creator, wadda ake shirya allon rubutu da ita yadda mutum ya ga dama. Na duba baƙaƙen da Hausa ba ta amfani da su, na ɗora ƙ a kan q, na ɗora ɗ a kan x, na ɗora ɓ a kan v. Abokan aiki suka ji daɗin abin ƙwarai, cikin 'yan makonni hannuwansu suka saba, har suna bugawa ba su duban allo. Tun daga ran nan na zama injiniya a idon teburin Hausa, ni ma kuma na soma yarda da hakan a raina.

Ana nan, sai kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 ran 14 ga Janairu, 2020. Ofishinmu ya yanke shawarar a share kwamfutoci duka a ɗora musu Windows 10. Muna da kwamfuta 11 a teburinmu. Guda 4 tsofaffi ne, irin waɗanda ake sayowa na hannu a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ƙarfinsu kaɗan ne, saboda haka injiniyan ofis ya ɗora musu Windows mai bit 32. Sauran 7 ɗin sababbi ne, ya ɗora musu mai bit 64. Da aka share su kuwa, allon Hausan nan nawa ya tafi tare da sauran kaya.

A nan ya kamata in tsaya in yi bayanin wannan 32 da 64, don shi ne tushen maganar. Bit shi ne ƙwayar ƙidayar kwamfuta, kuma bai wuce ɗayan biyu ba, ko 0 ko 1. Ma'ajiyar da kwamfuta ke ajiye abin da take aiki a kansa, wadda masu sana'ar ke kira ram, kamar wata babbar unguwa ce, kowane gurbi a cikinta yana da lambarsa kamar lambar gida. In tsawon lambar nan bit 32 ne, iyakar gidajen da za a iya ba lamba su ne 4,294,967,296, watau gigabayit 4 ke nan. In kuwa tsawonta bit 64 ne, lissafin ya haura biliyan 18 sau biliyan. Saboda haka tsarin ginin biyun ya bambanta tun daga harsashi, kuma fayil ɗin da aka gina domin ɗaya ba lalle ya zauna a gurbin ɗayan ba. Manhajar da na yi allon da ita ta fitar mini da fayil na 32 daban, na 64 daban. Ta kuma haɗa da wani ɗan fayil na girkawa wanda yake zaɓen wanda ya dace da kansa. Da na bi shi, da babu wannan labari.

Amma ni na ga ai na wuce nan. Na ce me zai sa in bi kwamfuta 11 ɗaya bayan ɗaya ina ɗora allo, ina ɗora salon baƙaƙe, ina kwafa samfurin shafuka? Bari in rubuta takardar umarni guda wadda za ta yi duka ukun. Ga wanda bai sani ba, a cikin Windows akwai wani baƙin allo da ake buɗewa a rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye da kalmomi. In aka jera umarnin nan a cikin fayil guda, layi bayan layi, kwamfuta za ta bi su daga sama har ƙasa kamar yaron da aka ba saƙo a rubuce. Abin da na rubuta ke nan. Layin farko yana tambayar Windows wane irin gini ne ita, ta hanyar duba wata alama da take ajiyewa mai suna PROCESSOR_ARCHITECTURE. Na ce in amsar ta zo AMD64, a kwafa fayil na 64 zuwa jakar System32. In ba haka ba, a kwafa na 32.

Ran Laraba na gwada a kan kwamfutata, wadda take cikin sababbin, ya yi aiki. Na gwada a kan tsohuwa guda, nan ma ya yi. Na yi murna. Ran Alhamis da rana, lokacin da injiniya ya gama da sauran 9 ɗin, sai wata dabara ta sake faɗo mini. Na ce abokan aikina ba su saba da baƙin allo ba, bari in dunƙule takardar da kayanta duka a cikin ƙunshi guda mai kwance kansa, wanda in an latsa shi sau biyu zai zazzage kayan ya kuma aiwatar da umarnin. Na dunƙule, na zuba a filashi, ban sake gwadawa ba. Me zan gwada, ai jiya na gwada? Na bi kwamfutocin nan 9 na latsa, kowace ta nuna an gama lafiya. Injiniya ya tattara jakarsa ya kama hanyar gida, ni kuma na tafi sallar Magariba ina jin kaina kamar wanda ya ci zaɓe.

Alhamis ita ce daren da muke rufe jarida. Dole shafukanmu 16 su isa maɗaba'a kafin ƙarfe 12 na dare. In muka wuce haka, jaridar Turanci ce za ta hau inji, tamu kuwa ta kwana, motar da ke kai kaya Arewa kuma ba ta jiran kowa. Yawancin labaran wakilanmu na jihohi suna zuwa ne ta waya, babu lanƙwasa ko ɗaya, mu ne muke bin su a tebur muna gyarawa.

Wajen ƙarfe 8 mai duba kurakurai ya ɗaga kai ya ce, "Malam, q nake gani." Kafin in isa wurinsa wani ya ce shi ma v yake gani. Na duba. Sunan allon Hausa yana nan a jerin alluna, an zaɓe shi, amma in an latsa sai baƙin Turanci ya fito. Tsofaffin kwamfutoci 4 lafiya lau, tawa ma lafiya lau. Sababbi 6 kuwa duk sun ƙi, kuma a cikinsu har da guda biyun da ake tsara shafi a kansu, su kaɗai ke da manhajar wannan aiki.

Can sai edita ya kira ni. Yana tsaye bayan mai tsara shafi, ya nuna mini kan babban labarinmu, na wata rigimar gona da wani sarki ya kashe a gabansa.

Ya ce, "Karanta mini wannan."

Na karanta, "An sasanta fada a fada."

Ya ce, "Wace fadar aka sasanta, kuma a wace fada?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na farkon faɗa ne."

Ya ce, "Ni na sani, kai ka sani. Mutumin Gusau da zai saya jibi fa? Je ka gyara abinka. In ƙarfe 11 da rabi ta yi ba ka gama ba, sai mu bi baƙaƙen nan ɗaya ɗaya muna kwafowa muna liƙawa, in mun makara mun makara. Amma haka ba za ta fita ba."

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi. Mutane suka yi layi a kan kwamfutoci 5 masu aiki, kamar layin famfo da rani. Ni kuwa na shiga zarge-zarge. Na zargi filashi, na sake wani. Na zargi ƙwayar cuta, na bincika ban sami komai ba. Na zargi Windows ɗin da injiniya ya ɗora. Na sake latsa ƙunshin nan sau uku a kan kowace, ina kashewa ina kunnawa. Abu guda ne kawai ban zarga ba, shi ne aikin hannuna, don ai na gwada shi jiya. Sa'a biyu cur suka tafi a haka.

Da ƙarfe 10 ta wuce na haɗiye girman kai na buga wa injiniya waya. Bayarabe ne mai haƙuri, a lokacin kuwa yana cikin cunkoson motoci a hanyar Ikorodu, bai ko isa gida ba. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, bar zargin na'ura tukuna. Sa takardarka ta faɗa maka abin da ta gani." Ya ce in ƙara layi biyu a samanta, na farko ya nuna amsar da aka ba ta, na biyu ya tsayar da ita har in karanta:

echo %PROCESSOR_ARCHITECTURE%
pause

Ya ce in gwada ta hanya biyu a kan kwamfuta guda. Na buɗe baƙin allo da hannuna na kira takardar, sai ga AMD64. Na sake dunƙule ta a ƙunshi na latsa, sai ga x86. Kwamfuta ɗaya, tambaya ɗaya, cikin minti ɗaya, amsa biyu. Na gaya masa. Ya yi dariya ya ce, "Ƙunshinka ɗan 32 ne. Bar shi, bi su da hannu yanzu, gobe ma yi magana." Na bi guda 6 ɗin da gudu ina kiran takardar tsirararta, ina kashewa ina kunnawa. Ƙarfe 11 saura kwata ɗ ta fito a kan allon mai tsara shafi. Shafin ƙarshe ya tafi maɗaba'a saura minti 10 wa'adi ya cika. Edita ya ɗauki hularsa, ya dube ni ya ce, "Sai da safe, injiniya." Har yau in yana son ya tsokane ni a waya da sunan nan yake kirana.

Washegari da kwanakin da suka biyo baya na zauna na bi diddigin abin, don na ƙi yarda in bar shi a matsayin aikin aljanu. Ga abin da na fahimta.

Lokacin da Windows ta koma gini mai bit 64, akwai dubban manhajoji na 32 a hannun jama'a waɗanda ba za a ce a zubar da su ba. Sai aka gina musu masauki a cikin sabon gidan, aka sa masa suna WOW64. Duk manhajar 32 da ta shigo, can ake kai ta. An kuma shirya masaukin nan ya yi kama da gidan da baƙon ya baro, har ya zamana bai san ya yi tafiya ba. In ya tambayi irin ginin da yake ciki, sai a ce masa x86, watau sunan tsohon gini na 32. In ya ce a kai shi jakar System32, sai a yi shiru a kai shi wata jaka dabam mai suna SysWOW64. Abin da zai ƙara rikita mutum shi ne sunayen a juye suke. System32 ita ke ɗauke da fayilolin 64, SysWOW64 kuwa ita ke ɗauke da na 32. Dalili shi ne an riga an rubuta sunan System32 a cikin manhajoji barkatai tun da daɗewa, sai aka bar wa babbar jakar gida sunanta na asali.

To ƙunshin da na dunƙule takardata a ciki manhaja ce ta 32. Da aka latsa shi sai aka kai shi masauki. Da ya buɗe baƙin allo domin ya karanta takardata, na masaukin ya buɗe. Takardata ta yi tambaya aka ce mata x86, ta ɗauki fayil na 32. Ta ce a kai shi System32, aka kai shi SysWOW64. Ta rubuta sunan allon a rajistar Windows, sunan ya zauna, shi ya sa muke ganinsa a jeri. Amma da Windows ta je babbar jaka neman fayil ɗin da sunan yake nufi, ba ta tarar da komai ba. Babu wanda ya yi ƙarya a duk tafiyar nan. Ni ne na aiki ɗan saƙo, ya tsaya a ɗakin baƙi ya tambayi baƙo labarin gida. Hausawa kuwa sun ce baƙo ko yana da idanu makaho ne.

Ashe tambayoyi uku ne nake cuɗawa a matsayin ɗaya. Akwai ƙirar ƙwaƙwalwar na'urar kanta, watau furosesa. Akwai ginin babbar manhajar da aka ɗora a kai. Akwai kuma ginin ƙaramar manhajar da ke aiki a wannan lokaci. Furosesa mai 64 tana iya ɗaukar Windows mai 32. Windows mai 64 tana iya saukar da manhaja mai 32. Amma Windows mai 32 ba ta iya tafiyar da manhaja mai 64 ko kaɗan. Ni ina neman amsar tambaya ta biyu, alamar da na duba kuwa amsar ta uku take bayarwa.

Wani abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne ganin AMD64 a kan kwamfutar da ke ɗauke da tambarin Intel. Wannan tarihi ne. Kamfanin Intel ya fitar da furosesa mai lamba 8086 a 1978, sa'an nan 80286, da 80386 wadda ta zo da bit 32 a 1985, da 80486. Da yake duk lambobin da 86 suke ƙarewa, sai aka riƙa kiran zuriyar x86. Da lokacin 64 ya zo, Intel ya fito da sabuwar ƙira mai suna Itanium a 2001, wadda ta rabu da tsohuwar zuriya, tsofaffin manhajoji kuma ba su gudu sosai a kanta. Abokin gasarsa AMD ya bi wata hanya, ya faɗaɗa tsohuwar ƙirar zuwa 64 ba tare da ya kori tsofaffin manhajoji ba, ya fitar da Opteron a 2003. Kasuwa ta bi AMD, har Intel ma ya rungumi wannan ƙira a 2004. Shi ya sa Windows take kiranta AMD64 ko da wane kamfani ya ƙera furosesar.

Maganin matsalata kuwa yana nan kusa, ban sani ba. A cikin masaukin nan, kuma a cikinsa kaɗai, Windows tana ajiye alama ta biyu mai suna PROCESSOR_ARCHITEW6432, wadda ke faɗin ainihin ginin gidan. Saboda haka mai hankali ita yake fara nema. In tana nan, ya san a masauki yake, kuma amsarta ita ce gaskiya. In babu ita, sai ya karɓi amsar ta farko. Ga yadda na gyara takardar a makon da ya biyo:

set GINI=%PROCESSOR_ARCHITECTURE%
if defined PROCESSOR_ARCHITEW6432 set GINI=%PROCESSOR_ARCHITEW6432%
if /i "%GINI%"=="AMD64" goto sittin
if /i "%GINI%"=="x86" goto talatin
echo Ban gane ginin nan ba, na tsaya.
exit /b 1

Mai karatu ya lura da layi biyu na ƙarshe, don a ganina sun fi sauran muhimmanci. Takardata ta farko cewa ta yi in ba AMD64 ba ne to lalle 32 ne. Wannan zato ne. Akwai kwamfutocin Windows masu ƙirar ARM, dangin wadda ke cikin wayoyin hannunmu, su kuma ARM64 suke amsawa. Da tsohuwar takardata ta gamu da irinsu, da na 32 za ta ɗora musu ta kuma ce an gama lafiya. Sabuwar kuwa in ta ji amsar da ba ta sani ba sai ta tsaya ta faɗa. Game da jaka kuma, akwai wata ƙofar baya mai suna Sysnative, wadda manhajar da ke masauki kaɗai ke ganinta, in ta bi ta nan za ta isa System32 ta gaskiya. Na ƙara wannan ma.

Na ga wasu hanyoyin da ake ba da shawara, kowace da raminta. Wasu sukan ce a duba ko akwai jakar Program Files mai ɗauke da x86 a ƙarshen sunanta, in akwai to Windows mai 64 ce. Amma wata manhajar da aka shirya da sakaci tana iya ƙirƙiro jaka mai wannan suna a kan Windows mai 32. Wasu sukan ce a tambayi wmic. Ita kuma da kalmomi take amsawa, kalmomin kuwa suna bin harshen da aka ɗora wa kwamfutar, yadda takardar da ta yi aiki a Kano za ta iya tuntuɓe a Maraɗi inda Windows take da Faransanci. Bugu da ƙari Microsoft ya riga ya sanar da yi wa wmic ritaya. Wanda ke aiki da PowerShell ya fi samun sauƙi, don a can an raba tambayoyin biyu, Is64BitOperatingSystem tana faɗin ginin gida, Is64BitProcess tana faɗin na ɗakin da kake tsaye.

Kada kuma a ɗauka abin ya tsaya ga Windows. A kan Linux da kwamfutocin Apple, umarnin da aka saba da shi shi ne uname -m, wanda yakan amsa x86_64, ko i686, ko aarch64, ko arm64. Tun Nuwamba 2020 da Apple ya fitar da furosesarsa M1 mai ƙirar ARM, shi ma ya yi wa manhajojin Intel masauki mai suna Rosetta 2. In baƙin allonka yana cikin wannan masauki, uname zai ce maka x86_64, alhali babu Intel a cikin na'urar. Sai ka tambayi sysctl.proc_translated, in ta ce 1 ka san tafinta ne ke tsakaninku. A kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi kuma akan sami zuciyar manhajar tana 64 amma sauran jikin yana 32, uname ya ce aarch64, getconf LONG_BIT ya ce 32, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa game da abin da aka tambaye shi.

Abin da ya fi ba ni kunya a duk al'amarin shi ne darasin ba sabo ba ne a wurina. A ajinmu na farko na koyon ɗauko labari, malaminmu ya sha nanata mana cewa in shaida ya ba ka labari, kafin ka rubuta ka tambaye shi inda yake tsaye lokacin da abin ya faru. Mutumin da ke cikin shago lokacin da gobara ta tashi a bayan kasuwa zai iya rantse maka da abin da ya gani, kuma mai gaskiya ne, amma bango ya tare masa rabin labarin. Ya kuma hana mu dogara da majiya guda. Na kiyaye wannan a kan mutane shekara da shekaru. Da na zo gaban na'ura sai na ajiye shi a bakin ƙofa, don na ɗauka ita ba ta da wurin tsayuwa. Ashe tana da shi. Na kuma karya wata ƙa'idar tamu, wadda ta ce shafin da aka taɓa bayan an duba shi, sai an sake duba shi. Abin da na gwada ran Laraba dabam, abin da na raba ran Alhamis dabam, ko da yake kalmomin cikinsu ɗaya ne.

Ga mai karatun da bai taɓa buɗe baƙin allo ba, kuma ba shi da niyya, akwai abin da zai ɗauka a nan. In za ka sayi kwamfuta ta hannu, ko a Ikeja ko a Kano ko a Anacha, mai shago ya ce maka ram ɗinta gigabayit 8 ne, to ka sa ya buɗe maka shafin bayanin na'urar ka ga irin Windows ɗin da ke kai. In mai 32 ce, abin da za ta iya amfani da shi bai kai gigabayit 4 ba, sauran kuɗinka yana kwance ba aiki. Ka kuma sani Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba ta da nau'in 32 sam, Windows 10 kuwa, wadda ita ce ta ƙarshe mai shi, an daina kula da ita ta hanyar da aka saba tun 14 ga Oktoba, 2025. Sai dai masaukin nan yana nan daram a cikin Windows 11, saboda haka ramin da na faɗa bai cike ba, yana jiran wani mai karambani.

Saura ikirari guda. Bayan wata biyu da faruwar abin, ina lalube a jerin harsunan Windows, sai na tarar ashe tana da nata allon Hausa a ciki, mai baƙaƙe masu lanƙwasa, ba ya bukatar a kwafa komai. Da na san da shi a daren nan, da minti biyar sun ishe mu mu lallaɓa mu fita, ko da hannuwa ba su saba da shi ba. Na kai wa edita wannan labari ina sunkuyar da kai. Ya yi murmushi ya ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma wanda ya sa ƙuƙumin ya kuma kwance shi da kansa ya fi wanda bai taɓa gwadawa ba. Ban sani ba ko lallashina yake yi, na dai karɓa.

Har yanzu ni ake kira in firinta ta ƙi aiki. Takardar nan ma tana nan muna amfani da ita, ta girka allon Hausa a kan kwamfutoci da dama tun daga lokacin. Bambancin kawai shi ne ba na raba komai ran Alhamis, kuma duk abin da zan ba mutane sai na gwada shi ta hanyar da su za su bi, a kan kwamfutar da ba tawa ba. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya tsare mu da jin kai. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.